Baba Dogon Hannu

"Ki jona shi," in ji Baba.

Ina tsaye a bakin ƙofarsa da dutsen guga a hannu, igiyar tana reto. Shi ya kira ni ta taga ya ce in zo da dutsen, ni kuma na ɗauka wata riga ce ta yamutse. Na duba kan gado, na duba kan kujera, ban ga riga ba sai wadda ke jikinsa.

"Ina kayan, Baba?"

"Ke dai ki jona. In ya yi zafi ki miƙo mini, ki fita."

Shekara goma sha tara ina goge wa mutumin nan kaya. Ɗakinsa yana kallon nawa, famfon tsakar gida ne kawai a tsakaninmu. Gyaran agogo yake yi a wani ɗan teburi a bakin titi, har ranar da ƙafafunsa suka kumbura, zuciya ta ƙi, asibiti suka sallame shi da jakar magunguna suka ce a je gida a kula da shi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa guda yana aiki a wani gari mai nisa. Kulawar sai ta faɗo kaina, ban kuma yi ƙorafi ba.

Duk layinmu Baba Dogon Hannu ake kiransa, saboda ba wanda ya taɓa ganinsa da riga mai gajeren hannu. Ko zafi ya kai inda ya kai, hannun rigarsa a sauke yake, maɓalli a ɗaure. Matsalar ita ce baƙo in ya ji sunan sai ya dafe aljihu. Akwai matar da ta kawo agogon mijinta, da ta ji yadda ake kiransa ta mayar da shi jaka ta juya. Ni na bi ta da masifa har kwanar layi. Da na dawo ina huci na ce masa ya hana mutane wannan suna, sai ya yi murmushi ya ce, "Bar su, 'yar nan. Sunan bai dame ni ba."

Na ajiye dutsen a ƙasa, ban jona ba.

"Baba, ni ba yarinya ba ce. Me za ka goge?"

Ya daɗe yana kallon silin. Fankar ɗakin tana juyawa a hankali, iskarta ba ta kai ko'ina. Agoguna shida ne a bango, na mutanen da ba su dawo karɓa ba, kowanne da lokacin da yake nunawa. Can ya ɗago hannun dama ya miƙo mini, don yatsunsa sun kumbura ba sa iya maɓalli.

"Buɗe."

Na buɗe, na naɗe hannun rigar. Fatar wurin fara ce sol kamar ba tasa ba, ta daɗe ba ta ga rana ba. A cikin damtsen, ƙasa da gwiwar hannu, akwai rubutu da tawada, ya koɗe ya koma kore-kore. Haruffa huɗu ne: TAWA.

Bakina ba ya da birki, kowa ya sani. Na ce, "Ashe Baba an taɓa yin soyayya. Wace ce mai sa'ar?"

"'Yata ce."

Na ji kunya har cikin ƙashina.

Ya ba ni labarin a guntu-guntu, yana tsayawa ya ja numfashi. Yana saurayi aikin jirgin ruwa yake yi, ya yi wata biyar bai taka ƙasa ba. A wata tafiya matarsa ta haihu, 'ya mace. Kwana uku ta yi a duniya. Kafin ya dawo an binne ta, ba suna, ba alama, kuma aka yi gini a wurin bayan 'yan shekaru. Bai taɓa ganin fuskarta ba. Matarsa ba ta so a ƙara tayar da maganar, shi ma bai tayar ba. Da ya koma jirgi, wani abokin aikinsa mai yin tatu, wato zanen tawada a jiki, ya tambaye shi sunan da zai rubuta. Ya ce ba ta da suna, amma tasa ce. Sai aka rubuta haka.

"Ba ta da kabari sai nan," ya ce, ya dafa wurin da yatsa.

Bayan shekara biyu wani tsohon mai wa'azi ya zo cocinsu. Ya karanta ayar da ta hana mutum ya yi wa jikinsa tsaga ko zane saboda matacce. Ya ce jiki haikali ne, wanda ya ɓata bangonsa kada ya kusanci teburin Ubangiji sai ya tuba. Baba yana zaune a layi na biyu da riga mai gajeren hannu, kuma a kansa idon mai wa'azin ya tsaya. Tun daga ranar bai ƙara cin Jibin Ubangiji ba, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci. Shekara arba'in da ɗaya.

Ni ma cocin nan nake zuwa. Na sha ganin yana tashi ya fita in an fara raba gurasa, na ɗauka fitsarin tsufa ne.

"To ka tuba mana, Baba, a wuce wurin."

"Tuba sai da nadama. Na gwada. Ina durƙusawa in ce na yi nadama, sai in ji ƙarya nake yi wa Allah. Ban yi nadama ba, 'yar nan, ko sau ɗaya." Ya kalli dutsen gugar. "Shi ya sa na ce a ƙona. In babu shi, ba sai na yi ƙarya ba."

"In ka ƙona kuma ita fa?"

Ya juya fuskarsa bango.

Raina ya ɓaci, ban san da wa nake fushi ba. Na ɗauki dutsena na kai ɗaki na kulle a akwati, kamar mutumin da ba ya iya ɗaga kofi zai tsallaka tsakar gida ya ɗauka. Daga nan na ja mayafi na tafi gidan Fasto.

Fastonmu yaro ne, bai kai ɗan Baba ba a shekaru. Ya zo washegari da hantsi, da 'yar jakarsa mai gurasa da ƙoƙo. Ya zauna a bakin gado, ni ina daga ƙofa. Ya yi bayani a natse. Ya ce an ba da wannan doka ne ga mutanen da maƙwabtansu ke yanka jiki a gaban gumaka in an yi mutuwa. Ya ce a shafi guda aka hana aske gefen gemu, ga shi kuma dattawan ikilisiya duk suna zuwa wurin mai aski. Ya ce masu bi sun sha bamban a kan maganar har yau, amma shi bai ga inda tawada ta fi ƙarfin alherin Allah ba.

Baba ya saurare shi har ƙarshe.

"Fasto, ayar ta ce saboda matacce?"

"Ta ce, Baba."

"Ni kuwa saboda matacciya na yi. Da a ce jirgi na zana, ko kifi, da na yarda da kai."

"Gunki ka yi wa, ko 'yarka?"

"'Yata."

"To."

"Kai ka ce to. Wancan mai wa'azin ya ce a'a. Shi furfura gare shi, kai kuma da ni aka yi bikin haihuwarka." Ya ɗan yi dariya, tari ya kama shi. "Ba raini ba ne. Amma in na ci, alhali shi ne mai gaskiya, hukunci na ci wa kaina. In kuma ban ci ba, alhali kai ne mai gaskiya, na yi shekara arba'in a bakin ƙofa a banza. Ka ga inda nake?"

Fasto ya ce ya gani. Bai matsa masa ba, kuma na ji haushin hakan, don ni da na tura masa gurasar a baki. Ya yi addu'a, ya rufe jakarsa.

"Ka dawo ranar Lahadi bayan sujada," in ji Baba. "Bari in yi tunani."

Ranar Laraba ce. Da Fasto ya fita Baba ya miƙo mini hannu, na sauke rigar na ɗaure maɓallin.

Kwana ukun da suka biyo baya ba ya magana sosai. Ina kawo abinci, ya ci cokali biyu ya ture. Ina goge masa jiki, in na zo hannun dama sai ya riƙe. Ranar Juma'a ya tambaye ni ko jarirai suna girma a can, ko yadda suka tafi haka suke zama. Na ce ban sani ba. Ya ce damuwarsa ita ce yadda zai gane ta, tunda bai san fuskarta ba, ba kuma sunan da zai kira.

Na ce, "Ai kana da sunan."

Ya dube ni, ya dafa hannunsa na dama.

Na kira ɗansa a waya na ce ya taho, ya ce zai kamo motar safe.

Ranar Asabar da rana ina guga a ƙofar ɗakina, rigar Baba ce ma a kan teburin, farar da yake so ya sa in Fasto ya zo. Na gama ƙirji da baya, ina kan hannu, sai na lura ban ji tarinsa ba tun ɗazu. Na kafa dutsen a tsaye na leƙa.

Ya riga ya tafi. Yana kwance a rigingine, bakinsa a ɗan buɗe, fanka tana juyawa. Hannun rigarsa na dama a ture yake har gwiwa. Ba naɗewa ya yi ba, turawa ya yi da ƙarfin da ban san yana da shi ba, har maɓallin ya tsinke. Tafin hannunsa na hagu yana kan rubutun.

Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Har yau ban san ko buɗewa ya yi don ya yanke shawara, ko rufewa yake yi da tafin hannun ba. Fasto ya ce buɗewa ne. Fasto mutumin kirki ne, amma ba ya wurin.

Ɗan ya iso da yamma, jaka a kafaɗa. Ya durƙusa a gefen gado ya daɗe. Da ya ɗaga hannun mahaifinsa zai daidaita, ya ga haruffan. Fuskarsa ta canja, na san abin da ya zo masa, don ni ma shi ya fara zo mini.

"Yaya, wace ce wannan? Mama ta sani?"

"Mamarka ce ta haife ta. Yayarka ce."

Ya kalle ni, ya kalli hannun. Na faɗa masa abin da na sani, bai fi minti biyu ba, don tarihinta duka ke nan. Ya sa babban yatsa yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya.

Na kawo farar rigar, muka sa masa tare. Na ɗaure maɓallin hagu. Na kai hannu na dama, sai ɗan ya riƙe mini wuyan hannu a hankali. Ya naɗe hannun rigar sau uku, a tsanake, ya lallatsa shi ya kwanta.

Da nake cire zanen gado na tsinci maɓallin da ya tsinke, da ɗan zare a jikinsa. Yana nan a kan teburin gugata, kusa da kofin yayyafa ruwa.