Kujera Ɗaya a Motar Argungu

Shekara uku Kalilu yana riƙe da na ɗaya a Turanci, ba wanda ya taɓa ko matso shi. Da suka shiga aji huɗu aka kawo musu Malam Bayo, ɗan wani Bayarabe mai sayar da kwanuka a Nassarawa. Haifaffen Birnin Kebbi ne, in yana Hausa sai ka rantse Bakabe ne gaba da baya.

Bai zo musu da littafin nahawu ba. Wani labari ya kawo, wanda ya buga da tafireta aka gurza a injin ofis, tawada duk ta dame gefen takardun. Labarin wata tsohuwa ce da tsufa ya ruɗa, tana manta sunayen 'ya'yanta, tana ɓoye abinci ƙarƙashin matashi. Duk Litinin sai ya karanta shafi guda, sannan ya raba wata takarda da aka cire aikatau daga cikinta, aka bar gurbi ashirin, kowa ya cike. Kalilu ashirin yake ci cif. Ba ya ɗaga kai in ana karatun. Gurabensa kawai yake jira.

Tamba, ɗan maƙwabcinsu, bakwai yake ci, ran sa'a tara. Amma ranar da Malam ya tambayi dalilin da ya sa tsohuwar ke ɓoye abinci, Tamba kaɗai ya ɗaga hannu. Cikin Turancinsa mai ɗingishi ya ce ba rowa ba ce, 'ya'yanta take ajiye wa, don a wurinta har yanzu ƙanana ne, sun tafi wasa ba su ci ba. Malam Bayo ya ajiye alli, ya daɗe yana kallonsa. Kalilu bai taɓa samun irin wannan kallon ba, duk ashirin ɗinsa.

Ya kuwa san inda Tamba ya koyo. A gidansu Kalilu ne.

Kakarsa Hodi ita ta goye shi. Tun yana rarrafe take kiransa angonta, tana ce masa malalacin miji wanda bai taɓa kawo cefane ba, shi kuma ya ce ya sake ta, ta tsufa. Bara waccan abin ya fara. Ta manta hanyar rijiya, ta manta raka'o'in salla, sannan wata safiya ya shiga gaishe ta, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tambayi uwarsa, “Wanga ɗan wa na?” Ya ƙara gwadawa sau biyu ko uku. Daga nan ya daina shiga ɗakin.

Tamba kuwa aron littafi ya kawo shi. Hodi na ganinsa ta washe baki, ta ce ga angonta ya dawo, ina cefane? Tamba ya durƙusa ya ce kasuwa ce ta watse, ta yi haƙuri. Tun daga ranar kusan kullum yana nan bayan la'asar. Kalilu na daga zaure yana jin dariyarsu, littafi buɗe a cinyarsa, layi ɗaya yake ta maimaitawa.

Ana cikin haka takarda ta zo daga Sakkwato, cewa za a yi gasar makarantu a Argungu. Kowace makaranta ɗalibi ɗaya, zai karanta abin da ya rubuta da kansa. Ba wanda ya yi tantama a kan wanda za shi. Har Kalilu ya kai farar rigarsa wurin mai guga.

Malam ya ce kowa ya rubuta shafi biyu a kan wani tsoho da ya sani. Kalilu ya rubuta a kan darajar tsufa da wajibcin girmama manya, ya tsamo kalmomi masu nauyi daga ƙamus, ya duba sau huɗu. Takardarsa ta dawo fes, ba ɗigon jan biro. Ta Tamba ta dawo kamar an yanka kaza a kanta. Ita Malam ya karanta wa aji. Ba a yi tari ba har ya gama. Sannan ya ce Tamba ne za shi Argungu.

Kalilu ya tare shi a baranda, ya ce, “Malam, kuskure arba'in da ɗaya na ƙirga.”

“Da uku,” in ji Malam Bayo. “Shi ya sa nake son ka zauna da shi ku gyara. Mako biyu ya ishe ku. Naka ba abin gyarawa, ba kuma abin saurare.”

Haka Kalilu ya zauna ƙarƙashin dalbejiya yana daidaita aikatau a labarin da Tamba ya rubuta a kan Hodi. A aji kuskure kawai ya ƙirga, a nan ne ya ji abin da bai taɓa sani ba. Ashe a kwalekwale aka kawo ta amarya daga Argungu, shekarar da ruwa ya cinye hanya. Ashe ta yi ɗan fari da ya rasu kafin suna, kuma shi take ajiye wa ɗumame. Shekara goma sha bakwai Kalilu yana gidan nan, wani ne daga bayan katanga ya zo ya kwashe wannan duka cikin wata shida. Tamba na gefensa yana ta godiya, yana cewa, “Wallahi kai dai kanka na ja.” Kalilu ya ji kamar ya tura masa biron a ido.

Ranar Laraba ya bi ubansa Abdussamadu fadama, ya same shi yana gyaran kunyar shinkafa. Ya ce akwai takardar da ya kamata Baba ya ji. Ya fassara masa. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, zaɓa kawai ya yi. Ya tsallake kwalekwalen, ya tsallake jaririn. Ya karanta inda Hodi ta fita ba ɗankwali tana tambayar masu albasa hanyar gulbi, da inda ta zagi liman ta ce shi ya ɗauke mata akuya. Ya ce da lasifika za a karanta, a Argungu, garin danginta, waɗanda har yau ake gaya wa ciwon ƙafa ne ya hana ta zuwa biki.

Uban ya miƙe tsaye. Ya wanke ƙafafunsa a ruwan kunya, ya saɓa fartanya.

Washegari ya je makaranta da babbar riga. Malam Bayo ya ba shi kujera, ya yi ta bayani cewa ba cin mutunci ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma za a canza suna. Abdussamadu ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, “Malam, uwata ta. Ba a kai ta kasuwa ina raye.” Daga nan ya wuce wurin uban Tamba. An rabu lafiya, amma an yanke cewa iyakar Tamba zaure, ba shi ba ɗakin Hodi.

Ranar Asabar Kalilu ya hau motar makaranta da rigarsa mai karin guga. Malam Bayo na gaba kusa da direba. Daga Birnin Kebbi har Argungu maganarsa ɗaya ce, ya ce a ɗaga murya, a tsaya inda aka sa aya. Kalilu ya ɗaga murya, ya tsaya a kowace aya. Alƙalan suka gyaɗa kai, ɗaya yana duba agogo. Cikin makarantu goma sha ɗaya ya zo na uku, aka ba shi ƙamus mai jan bango.

Da la'asar sakaliya suka dawo. Tamba na zaune a dakalin ƙofar gidansu Kalilu. Kalilu ya shirya wa zagi, har ma da dambe. Tamba ya karɓi ƙamus ɗin, ya juya shi, ya ce madalla, ya miƙa masa.

“Tun jiya tsohuwa ba ta ci ba,” ya ce. “Innarka ta gaya mini. Kak ka miƙa mata kwano a hannu, ƙi za ta yi. Ka aje gabanka ka fara ci, ka ce babu gishiri. Sai ta karɓe ta ɗanɗana don ta ƙaryata ka. In ta ce Argungu kuke, Argungu kuke, kak ka yi gardama.”

Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa.

“Kuma ka zauna ta hannun dama. Kunnen hagun ya mutu.”

Kalilu bai san da zancen kunnen ba. Ya tsaya da ƙamus a hammata yana kallon bayan Tamba har ya shige gidansu. An kori yaron nan daga mota, an kore shi daga ɗaki, kuma har yanzu shi ke koyarwa.