Kwanar Sai Gobe

Da motar Direba ta sake faɗawa ruwa a wuri ɗaya, Tela ta ɗauke ƙafarta daga kan keken ɗinki.

Direba mijinta ne, shi ke tuƙa bas ɗin wata makarantar firamare. Da safe ya kai yara, ya dawo ya ajiye bas a ƙofar gida, ya ci abinci, in lokacin tashi ya yi ya koma ya kwaso su. A wannan 'yar tazarar ce shi da babbar 'yarsu suke baje a gaban talabijin suna wasan tseren ƙananan motoci. Lauya suke kiranta, don ba a taɓa yanke magana a gidan ba ta ɗaukaka ƙara ba. Ta gama sakandare tana jiran sakamako, ba ta da aiki sai neman ranar da za ta kayar da ubanta.

Ranar kuwa ba ta taɓa zuwa ba, musamman a titin da ya fi so. Titi ne da ke farawa cikin wata tsohuwar masana'anta mai duhu, ya ratsa tsakanin injuna, ya fito kan wata siririyar gada marar kariya a saman baƙin ruwa. A tsakiyar gadar akwai muguwar kwana zuwa hagu. Duk wanda ya zame a nan, kafin ƙugiya ta tsamo motarsa ta mayar kan titi an yi masa nisa, shi ya sa 'yan gidan suka sa mata suna Kwanar Sai Gobe. Direba kan shanye ta yana hira, wani lokacin ma da kofin shayi a ɗaya hannun. Har kirari yake wa kansa, wai shi da kwanar nan tare suka yi makaranta.

Yau ga shi yana miƙewa samɓal cikin ruwa, ko alamar karkata babu.

"Abba, sai gobe," in ji Lauya, tana dariya har da buga ƙafa. "Ko in riƙe maka hannu?"

Ya ce rimot ɗin ne ya lalace, ita ta ɓata shi da man shafawarta. Ta miƙa masa nata, suka yi musaya, suka sake tashi. A wasan dabbobi ne ke tuƙa motocin. Kadansa mai hular kwano ya fita a guje, ya wuce mujiyarta tun cikin masana'anta. Da suka hau gada, kadan ya zo bakin kwana ya wuce kai tsaye, ruwan ya haɗiye shi.

Dariyar Lauya ta ragu. Tela ta taso wai za ta ɗauke kwanukan abinci, nan ta tsaya da farantinsa a hannu. Ya cinye rabin dama tas, kamar an sa ruwa an wanke. Rabin hagu na nan yadda ta zuba shi, har da naman da ta ɗora masa a kai, mutumin da naman yake fara ci kafin ya tuna da sauran. Sai ta tuna ɗazu da ya shigo ya bugi ƙyauren falo da kafaɗa, ya ce wa ya matso da ƙofa, suka yi dariya.

Ta tambaye shi ko ya ƙoshi. Bai ɗauke ido daga talabijin ba ya ce ai ya share faranti, yau ma ta yi masa rowar nama.

Ta dubi agogon bango. Lokacin tashin yara ya ƙarato, kuma cikin yaran har da Autarsu, wadda kullum take zama a kujerar bayansa tana ba shi labarin wanda aka daka a aji.

Ta san mijinta. In ta ce idonsa ne, zai ce talabijin ne. Ta durƙusa kusa da Lauya kamar mai tsince zare a kafet, ta tambaye ta ƙasa-ƙasa ko ana iya canja kwanar nan ta koma dama. Lauya ta ce akwai tsarin madubi, yana juya titin gaba ɗaya, hagu ta zama dama, dama ta zama hagu. Tela ta ce ta sa.

"Zagaye ɗaya, ranka ya daɗe," ta ce masa, tana murmushin da bai kai ciki ba. "Ka nuna wa yarinyar nan ba tsufa ba ne."

Ya gyara zama. Aka tashi. A cikin masana'anta akwai wata 'yar kwana mai sauƙi da ko Auta ba ta faɗuwa a kai, da dama take, yanzu ta koma hagu. Kadan ya je ya daki bango. Ya ja baya, ya sake dakar bangon. Da ƙyar ya fito kan gada, ga Kwanar Sai Gobe ta karkata dama, ya shanye ta sumul kamar yadda ya saba, tayoyin na fitar da tartsatsi. Gaba kaɗan titin ya lanƙwasa hagu. Ya tafi ruwa.

Babu wanda ya yi dariya. Kiɗan wasan kawai ke tashi, mai daɗi, mai tsalle-tsalle, ƙugiya ta sauko ta ɗauko kadan yana ɗigar ruwa.

Direba ya ajiye rimot a hankali. Ya ce wasan yara ne, shi yana da aikin manya. Ya miƙe ya laluba aljihu ya ciro makullin bas.

Tela ta sha gabansa. Ta gaya masa zancen farantin, ta nuna masa naman. Sai da ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya gan shi, ta ga yadda fuskarsa ta canja, ta kuma ga yadda ya yi maza ya gyara ta. Ya ce gajiya ce da ciwon kai, tun safe yake jinsa. Ta ce ya kira makaranta su nemi wani ya kwaso yaran, su kuma su tafi asibiti yanzu. Ya ce ta san abin da take faɗa kuwa? Ranar da makaranta ta ji direba ba ya gani, ranar za su karɓe makulli, ga masu jiran kujerarsa sun yi layi. Hanyar nan ko ido rufe zai bi ta. Zai sauke yara, ya biya kemis, shi ke nan.

"Rabi a rufe yake, Abba," in ji Lauya.

"Ke, ba kotu ba ce nan."

Ya ratsa ta gefen Tela ya fita. Ta bi shi ba mayafi, tana kiransa da sunayen da ba ta kira a gaban yara. Bai waiwayo ba. Ya hau bas, ya ja ƙofa, injin ya tashi da gurnani, hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida.

Lauya ce ta wuce ta a guje. Ta je gaban bas ta ɓangaren hagu ta tsaya, ta ɗaga hannu biyu sama, cikin jar rigarta da ko daga ƙarshen layi za a hango. A ran yarinyar ba uban da zai ga 'yarsa a gaban mota ya taka. Tela ta hangi fuskarsa ta gilashi. Ya dubi madubin dama, ya dubi titi, a natse, irin duban mutumin da ya ga hanya fes. Ya sa giya.

Bas ya motsa.

Ihu ba zai ratsa ƙarar injin ba, ta sani. Ta kwasa da gudu ta zagaya dama, inda idonsa ke aiki, ta faɗa gaban bas ɗin ta daki gilashi da tafin hannu. Birki ya yi ƙara, motar ta yi tsalle ta tsaya.

Ya leƙo a fusace yana tambayarta ko ta haukace, so take ya kashe ta?

"Juya kanka hagu," ta ce. "Gaba ɗaya."

Ya juya a hankali. Lauya na zaune a ƙasa inda ƙarfen gaba ya ture ta, tana riƙe da gwiwa, silifas ɗinta ɗaya a ƙarƙashin taya. Ba ta kuka. Kallonsa kawai take.

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya kashe injin.

Tela ta ɗaga 'yarta ta duba, ƙujewa ce kawai. Ta karɓi wayar Lauya ta kira ofishin makaranta, ta gaya musu kai tsaye direbansu ba shi da lafiya, ba ya gani da gefe ɗaya, su riƙe yara su nemi wata motar. Matar ofishin ta fara tambayoyi, Tela ta ce ta gama magana. Ta tura Lauya ta buga wa maƙwabcinsu mai tasi ƙofa.

Direba bai sauko ba. Yana zaune a kujerarsa, kansa a sunkuye, yana kallon cinyarsa. Da ta matso jikin tagar ya yi magana, muryar ta yi nauyi kamar mai abu a baki.

"Tela, zo ki buɗe min ƙofar nan. Na ce wa hannun hagun ya tashi, ya ƙi."