Don Evaristo Ya Janye

Tun yana ƙarami ake faɗa wa Don Evaristo cewa shi ne sarkin Sifen na gaskiya, ɗan baffansa da ke kan gado a Madrid ƙwace ya yi. Da ƙarfinsa ya kawo sai ya ɗaura yaƙi, manoman duwatsun Nabara suka kafa jajayen hulunansu suka bi shi. Aka ci su. Ya tsallaka zuwa Faransa, can ya yi furfura.

Da ciwon ƙirji ya tasa shi gaba, ya aika Madrid cewa ya janye, a dai bar shi ya mutu a gida. Aka amince.

A hanyar dawowa ya sa mai keken doki ya ratse ƙauyen su Engracia, matar Zacarías, kyaftin ɗinsa da aka harbe a bakin gada yana tare abokan gaba don ubangidansa ya tsira. Tun daga ƙofa ta gane shi. Ta so durƙusawa, gwiwa ta ƙi, ta yi dariya ta ce gwiwar ce ta yi tawaye, ba ita ba. Ta zaunar da shi kusa da murhu, ta kawo burodi da cuku da romon wake, tana ba shi labarin yadda har yau ba ta gaisawa da ƙanenta saboda ya yi yaƙi a ɗaya ɓangaren.

"Ranka ya daɗe, yaushe za a sake tashi?" in ji ta. "Jikokina sun isa saɓa bindiga."

Ya ajiye cokali. "Ba za a sake ba, Engracia. Na bar wa ɗan baffana."

Ta iza itace a wuta. Can ta ce, "Ashe abin baruwa yake. Ai da ka bar masa tun Zacarías yana raye."

Ya ture kwanon, ya yunƙura zai tashi. Ita kuwa ba ta kore shi ba. Ta ƙara masa romo, ta ce ya sha, hanya da sanyi.

Da zai tafi ya roƙe ta ta shirya da ƙanenta. Ta ce za ta duba. Ya kama ɗaki a Pamplona, babban birnin Nabara, damina ba ta riske shi da rai ba, kuma bai taɓa jin ko sun shirya ba.