Ƙwarƙwata a Kan Mai Kitso

Ta bakwai ce ta faɗo kan farin ɗankwalin da Auta ta shimfiɗa a cinyarta, ta kama tafiya abinta kamar wadda aka aika. Yayarta, da ke tsaye a bayanta riƙe da mataji mai ƙananan haƙora, ta sa farce ta murƙushe ta.

"Wannan kakarsu ce," in ji Yaya. "Kin yi kiwo, Auta. Kira shago ki ce ba ki zuwa."

Auta ta daɗe tana kallon wayar. Shekara biyu ke nan tana kitso a shagon Anti, a kujera ta biyu daga ƙofa, wadda ke fuskantar babban madubi, kuma ta san yadda ake amsa waya a can. Hannun Anti kullum a cikin gashi da mai yake, don haka da gaɓar yatsa take danna sifika, ta bar wayar a kan kanta tsakanin kwalabe, kowa ya sha labari. Ta haka duk shagon ya ji ranar da aka koro ƙanen Anti daga makaranta.

Mai kitso tana iya yin zazzaɓi, tana iya yin gudawa ma, a yi dariya a manta. Amma wadda aka ce da ƙwarƙwata a kanta, babu matar da za ta sake zama a gabanta.

Ta kira.

"Ina jin ki," in ji Anti, ba gaisuwa. Injin busar da gashi na ta gurnani a bayan muryarta.

"Anti, ina kwana. Don Allah yau ba zan samu zuwa ba, ba na jin daɗi."

"Me ke damun ki?"

"Jikina ne dai."

"Kowa da jikinsa ya zo aiki. Wane ɓangare?"

Wata ta bushe da dariya. Doguwa ce, mai kujera ta uku, wadda ta daɗe tana harin ta biyu.

"Anti, ki tambaye ta ko a gidan wa ciwon zai kama ta," in ji Doguwa. "Na ji an ce masu kitso yanzu gida-gida suke bi, ba sai an zo shago ba."

"Haka ne?" Muryar Anti ta matso kusa da wayar. "Mutanena kike janyewa? Ni na koya miki riƙon tsinken tsaga, yarinya. Kin zo nan ko tsifa ba ki iya ba."

"Wallahi ina gida, Anti. Ga Yaya nan."

"Yayarki ce ta ɗauke ki aiki?"

Sai ga wata murya mai sanyi daga can gefe. "Auta ce? Ku ce mata tun ɗazu nake jiran ta." Likitar haƙori ce, wadda ba ta yarda kowa ya taɓa kanta sai Auta, kuma ita ta kawo mata rabin matan da take yi wa kitso. Auta ta ji wani abu na tafiya a bayan kunnenta. Ta danne hannunta da cinya don kada ta sosa, kamar ana ganin ta.

"Kin ji ko?" in ji Anti. "Ko ki faɗi ciwon yanzu kowa ya ji, ki kuma zo min da takardar asibiti, ko na gan ki a nan ƙarfe goma. In ba haka ba, Doguwa ta kwashe kayanki daga durowa."

"Leda ma na tanada," in ji Doguwa.

Yaya ta sunkuyo ta raɗa mata, "Ce mata basir ne. Ya fi mutunci." Auta ta girgiza kai. Wane asibiti ne zai rubuta mata basir ɗin da ba ta da shi?

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san inda ta kwaso su. Ranar Asabar Anti ta zo da 'yarta ta makarantar firamare, ta zaunar da ita a gaban Auta ta ce a tsefe a wanke. Tun a tsagar farko Auta ta ga ƙwayayen, farare, manne da gindin gashi. Ta ja Anti bayan labule ta nuna mata a hankali. Anti ta ce amosani ne, ta ce kuma mai ido da yawa ba ta daɗewa a shagonta. Aka mayar da matajin cikin kwando ɗaya da sauran, ko ruwan zafi bai gani ba.

"Anti, don Allah ki cire ni daga sifika."

"Ba ni da sirri da ma'aikata. Yi magana."

"Magana ɗaya ce, ke kaɗai."

"Hannuna na cikin kan mutane. Ki faɗa ko ki kashe min waya."

Auta ba ta taɓa mayar wa Anti magana ba. Ko hararar Doguwa ba ta iya ramawa. Ta dubi gawa bakwai ɗin da ke kan ɗankwali.

"To. Abin nan ne da na nuna miki ranar Asabar a kan 'yarki, bayan labule. In kin manta sunansa, sai in faɗa."

Injin ya ci gaba da gurnani. Aka ji kwalba ta faɗi, sannan duk hayaniyar shagon ta ja baya, kamar an rufe ƙofa.

"Ke," in ji Anti, ƙasa-ƙasa, bakinta a jikin wayar. "Ni kike wa barazana?"

"Hutu nake nema, Anti. Kwana uku. Kuma a tafasa matajan nan kafin a sa wa likita."

Sai Anti ta ɗaga murya don mutanen shago. "Ayya, zazzaɓi ne ashe. Allah ya sawwaƙe, 'yata. Ki huta har Alhamis, kujerarki na nan." Ta sake sauke murya. "Za ki dawo ki same ni." Ta kashe.

Auta ta ajiye wayar. Yaya ta lanƙwasa mata wuya ta ci gaba da tajewa, tana cewa ashe kurmar gidan nan na da baki.

Ba a yi rabin awa ba saƙo ya shigo. Daga Doguwa ne, ba sallama: "Ke, turo min sunan maganin. Kuma in na ji zancen a bakin wani, ni da ke ne."

Auta ta karanta sau biyu, ta kife wayar a kan katifa.

"Yaya," in ji ta, "duba min bayan kunnen nan."