Bidin Ɗantsoho

Bajimin ya riga ya ture rumfa biyu ya nufi layin masu tuwo lokacin da Ɗantsoho ya zaburo dokinsa Bidi daga bayan kara, wato kasuwar shanu. Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika maƙil. Ni zare na je saye, tsautsayi ya biyo da ni ta wajen shanu, kuma ba zan ɓoye muku ba, a jikin wata babbar mota na maƙale, takalmina ɗaya a ƙasa. Daga nan na ga komai.

Samarin da ke kora shanu a kan babura sai zagaye suke yi, babu mai matsawa kusa. Tsohon nan kuwa, mai shekara saba'in da ɗoriya, ya saki linzami gaba ɗaya ya riƙe igiya da hannu biyu. Dokin da kansa yake bin bajimin, duk inda ya karkata ya karkata. Jifa ɗaya tsohon ya yi, zargen ya faɗa a ƙahoni, ya naɗe igiyar a gaban sirdi. Bidi ya kafe ƙafafunsa huɗu a ƙasa, bajimin ya durƙusa. Na sha jin labarin wannan aiki a bakin mutane, amma ban taɓa gani ba sai ran nan.

Aka yi ta yi masa sannu, shi kuwa bai sauka ba. Sajo, abokin korarsa na shekara da shekaru, ya matso ya tambaye shi lafiya. Tsohon ya ce ƙafarsa ta hagu ba ta jin likkafa. Babu wanda ya isa ya kama ragamar Bidi, don haka dokin ne ya kai shi gida da kansa, taku ɗaya bayan ɗaya, muna biye a baya. A ƙofar gida ya tsaya cak har aka sauko da shi.

Ni sunana Habibullah, tela ne, kuma bangon shagona shi ne bangon bargar Ɗantsoho. Shekara ashirin muna maƙwabtaka. Shi ya yi shekara arba'in yana koro shanu a kan doki daga ƙasar Damagaram, ya kai Gagarawa, ya kai Sule Tankarkar, a kwana a daji a tashi a daji. Abokansa duk sun sayar da dawakansu sun koma babur ko sun koma ga Allah. A bayan bangona aka haifi Bidi shekara tara da suka wuce, ya tashi bai yarda da hannun kowa ba sai na mutum ɗaya. Ya ciji Abdulfatah, ɗan tsohon, a kafaɗa. Ya harbi wani dillali har sai da aka yi masa ɗori.

Aka kai tsohon asibiti a Gumel, bayan kwana huɗu aka ce a dawo da shi gida, ɓarin jikinsa ya shanye. A nan maganar doki ta taso. Abdulfatah ba mugun yaro ba ne, amma yana da 'ya'ya ƙanana a tsakar gidan, kuma ya faɗa mini a soro cewa in ta Allah ta kasance, ba zai iya zama da dabbar da ba mai iya kai mata ruwa ba. Akwai dillalin da ke loda dawakai a babbar mota zuwa kudu, inda kowa ya san ba hawansu ake yi ba. In da za a samu mai kula da shi, in ji Abdulfatah, ko kusa ba zai sayar ba.

Ashe tsohon yana ji. Washegari da hantsi ya aika a kira ni. An shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar da ke kusa da barga, matarsa Inna Mero tana yi masa fifita.

"Tela," ya ce, bakinsa a karkace, "cire rigarka."

Na ɗauka zafin ciwo ne. Sai ya sa aka ɗauko rigar da yake hawa da ita, wata shuɗiya da ta koɗe, ta sha gumi har ta yi tauri, ga yaga a hammata. Ya bayyana mini cewa haka masu dawakai ke yi in za su miƙa doki mai wuyar hali. Sabon mutum zai riƙa sa rigar mai dokin ba tare da an wanke ta ba, har sai warin jikinsu ya gauraya a hancin dokin. Na ce masa, Baba, ni da ko tunkiya ta harare ni sai na sauya hanya, me ya sa ba a ba Sajo ba?

"Sajo hannunsa na bulala ne. Kai tsoro zai sa ka bi a hankali. Kuma dokin ya san ka."

Ban gane inda ya san ni ba, tunda ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa ni da Bidi ba. Amma ba a yi wa mara lafiya gardama, na zura rigar.

Kwana shida muka yi a haka. Kullum da safe in ɗauki rigar daga marataya a bakin barga in sa, shi yana kwance yana ba da umarni. In zo ta hagu, kada in kalli ƙwayar idonsa, hannu a ƙasa. Ran farko daga nesa na cilla harawar na ruga, Inna Mero ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ran na huɗu Bidi ya lashi kanwa a tafin hannuna, ni kuwa na runtse ido. Tsohon ya yi dariya da rabin baki, ya ce da tun ina yaro na zo hannunsa da ya mai da ni mutum.

Ranar Litinin, rana ta ɗan ɗaga, ya ce in kwance dokin daga turke in bar shi. Bidi ya tako har bakin tabarmar, ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kama hancin, ya hura masa iska a ciki sau biyu, ya faɗa masa wata magana da ban ji ba. Sannan ya juyo da fuska gabas. Inna Mero ta fara kalmar shahada, ya bi ta, bai kai ga maimaitawa ba. Dokin nan da ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya ko na minti guda, bai motsa ko da kunne ba har aka lulluɓe mai shi. Na ji tsoro, amma ba irin tsoron da na saba ji ba.

Makiyaya da masu kora suka zo jana'iza daga ko'ina, har daga tsallaken iyaka. 'Yan kaɗan da suka zo a kan dawakai suka sauka tun daga bakin unguwa, suka cire sirdi, suka ƙaraso a ƙafa.

Daga ranar Bidi ya daina ci. Ni kuma zaman makoki ya riƙe ni a ƙofar gida, ban buɗe shago ba, sai dai in leƙa in tura masa ruwa ya ƙi kallo. Ran Laraba, ranar sadakar uku, mata suka tattara tufafin mamaci suka wanke kamar yadda aka saba kafin a raba. Da azahar Murja, matar Abdulfatah, ta aiko kirana. Ta durƙusa daga bayan ƙyaure ta miƙo mini rigar a ninke.

"Baba Tela, ka yi haƙuri, mun bar ka kana ta sa ta da datti. Sau uku na cuɗa ta."

Ƙamshin sabulu ya doke ni. Na yi mata godiya, don alheri ta yi niyya, amma warin tsohon ya riga ya fita daga rigar.

Na sa rigar haka nan na shiga barga ta hagu, hannu a ƙasa. Bidi ya kwantar da kunnuwa ya taso mini har igiyar ta tsayar da shi. Sajo ya gwada, ya sha da ƙyar. Dokin ya koma yana dukan bango da kofato, ba ƙaƙƙautawa. Abdulfatah ya sunkuyar da kai ya ce gobe kasuwa, dillalin zai zo da safe.

Na buɗe shago na zauna, baƙin ciki ya cika ni. Mutum ya ba ni amana da hannunsa ɗaya da ya rage, ga shi ko kwana uku ban riƙe ta ba. Don kawai in ba hannuna aiki, na cire rigar na ɗora yagar hammatar a ƙarƙashin allura, na taka keken ɗinki. Ban yi nisa ba na lura dukan bangon ya tsaya. Na ɗaga ƙafa, aka ci gaba da duka. Na sake takawa, aka yi shiru.

Shekara tara ke nan, tun Bidi yana duƙushi, daga safe har yamma wannan ƙara yake ji ta bayan bango.

Da la'asar ni da Abdulfatah muka ciccibi keken muka kai bakin barga, daidai inda igiyar za ta iya kawowa. Mutanen da ke zaman makoki suka taso suna kallo, wasu na cewa tela ya zare. Na juya wa dokin baya na zauna, na taka. Wuyana ya sandare don tsoro, amma ban tsaya ba. Can na ji taku a bayana, na ji numfashi mai ɗumi a ƙeyata, ya shinshina hulata, ya shinshina rigar da ke ƙarƙashin allura. Sai na ji ƙarar harawa tana karyewa a haƙora.

Abdulfatah ya ciro waya ya koma gefe. Na ji yana cewa dillalin kada ya wahalar da kansa gobe.

Yagar ta daɗe da haɗewa, amma ban ɗaga ƙafata ba. Na ci gaba da bin layin ɗinkin ina dawowa, Bidi yana tauna a gefen kafaɗata, inuwar darbejiya ta kai wurin da tabarmar take a da.