Agogon Wendell a Tudun Lisbon

…kuma ba yanzu zan kira ka ba, Wendell, sai na kai saman tudun. Kai ka ce haka. Da sauran lokaci. Agogonka ya ce bakwai ba ta yi ba a can gida Toronto, su kuwa sai takwas za su karɓe maka waya su tura ka ɗakin tiyata. Darlene ce ta rubuto, ƙanwarka kuwa ba ta kuskuren lokaci, jinin gidanku ne. Yi barcinka. Mutumin da za a buɗe wa ƙirji ai a bar shi ya yi barci.

Duwatsun titin nan da santsi suke. Shekara da shekaru aikin kula da fasinjoji a jirgin sama yana sauke ni a Lisbon, har yau ban koyi zuwa da takalmin kirki ba.

Juma'a aka ce za a yi aikin. Juma'a! Da na san za su dawo da shi yau, wa zai sa ni hawa jirgi? Na nemi mai karɓar mini tafiyar, kowa ya noƙe, kai kuma kana kwance da robobi a hannu kana kora ta: "Ke uwar jirgi, tafi abinki. Zaman me za ki yi, ki tsare ni da ido kamar tukunyar da ta ƙi tafasa? Kafin Juma'a kin dawo." Muna sauka na kunna waya a bayan labule… an samu gurbi, an matso da aikin. Na fito na tsaya a ƙofa ina yi wa fasinjoji murmushi, a sauka lafiya, a sauka lafiya, bakina yana aikinsa shi kaɗai.

Babu jirgin da zai kai ni kafin su gama. Na duba. Na sake dubawa. Namu sai gobe da safe.

Wai kar in tashe ka da asuba. Wai in hau tudun nan da nake cika ka da labarinsa, in nuna maka kogin garin a waya, in yi maka sanarwar da nake yi wa fasinjoji kafin ka tashi, sai ka ce kai ne jirgin. "Kafin ya tashi," haka Darlene ta rubuta, na kuwa san maganarka ce, ita ba ta da wannan shaƙiyancin. Ka zauna a miƙe, ka ɗaura bel, ƙofofin fita suna nan da nan… Tun muna saurayi da budurwa kake sa ni yi maka ita, har a mota. Ina jin haushinka, ka sani? Ina jin tsoro, kai kana wasa.

Taragon lantarki da ke bin titi — bari in raɓe jikin bango. Ya wuce yana ƙara, cike da masu ɗaukar hoto. Da kana nan da ka ce direban ba ya tausayin birki. Ka yi ritaya daga tuƙin bas amma ba ka sauka daga kujerar ba, kowane direba a duniya ɗalibinka ne da ya faɗi jarrabawa.

Wayar tana aljihu, a kashe. Cajata tana can jikin bango kusa da gadonka, ni na bar maka. Abin da ya rage a batirin bai wuce na kira ɗaya ba, ba zan ɓata shi wajen duba lokaci ba. Ga agogo. Agogon gida, ka ce, ranar da ka cire shi daga hannunka ka ba ni. Ba na ɗaura shi sai na sauka wata ƙasa, sauran kwanaki yana aljihun jaka yana ta bugawa a duhu. "Don ki riƙa sanin lokacin da nake shan kofi ni kaɗai kamar maraya."

Yolanda, abokiyar aikina, tana otal, ta ja labule tun da muka iso. Tsohuwar hannu ce kamar ni, ta daina yawon gari. A motar ma'aikata sai mita take yi: "Lorraine, ni fa awar nan da suka sace mana ran Lahadi har yau ban warware ba. Zo ki kwanta, 'yar uwa, tudun ba guduwa zai yi ba." In kwanta in kalli me? Silin?

Wanki a rataye daga wannan taga zuwa waccan. Rigar wani tsoho, har da ɗan kamfai. Wata tana da mijin da za ta yi wa wanki gobe, ko tunanin abin ba ta yi.

Ƙararrawar coci… sha biyu. Cire biyar, bakwai. Agogo ma ya ce bakwai. Ka gani? Daidai. Ko a barci aka tashe ni na san Lisbon cire biyar ne.

Ƙamshin kek ya ja ni cikin wani shago, mai shagon ya tare ni. Ban ci komai ba tun saman teku.

"Uwargida, ɗaya ko biyu? Yanzu suka fito, kar ki ƙone baki ki ce ni ne."

Biyu na ce. Me ya sa na ce biyu? Sabo. Ɗaya nawa, ɗaya a kwali ya tsallake teku ya same ka a kicin, ka ci a tsaye kana zubar da ɓarɓashi a gemu. Likita ya hana ka tun bara. Ga ni tsaye a bakin kanti ina cin kek mai ƙwai da kirfa, kuma yana da daɗi, abin kunya, yana da daɗi.

Matakala. Gwiwa, ki yi haƙuri. Me zan fara ce maka? Ba zan yi kuka ba, an horar da ni, na taɓa raba abinci jirgi yana rawa kamar zai tsage. Zan juya wayar kawai. Ga jajayen rufin gidaje, ga ruwan, ga gadar da ka ce wata rana za ka zo ka ƙirga motocin kanta. Wata rana. Matar mutum tana da tikitin rangwame, shi ko sau ɗaya bai tsallake teku ba, wai wa zai ba kare abinci…

Na iso. Iska. Wani yana kaɗa jita, wasu matasa suna miƙo mini waya in ɗauke su hoto — ba yanzu ba, don Allah. Bakwai da rabi. Kogin yana ƙyalli, ka yi sa'a, babu hazo.

Kunnu mana. Kunnu.

Me ye wannan? Kira, kira, kira… duk naka. Darlene: *sun shiga da shi.* Wane irin sun shiga? Da sauran rabin awa! Waya ta ce Toronto takwas da rabi. Ƙarya take. Agogo ya ce —

Lahadi.

Lahadin da ake tura agogo gaba da awa ɗaya, yadda ake yi duk shekara in sanyi ya kusa wucewa. Mu can gida mun tura, nan Turai ba su tura ba tukuna, sai ƙarshen wata. Kai ke yi. Kowace shekara kai ke bi ɗaki ɗaki da silifas, na bango, na murhu, na mota, sannan ka zazzage jakata ka ciro wannan. Ban taɓa tura agogo da hannuna ba tun da na aure ka. Bana kana asibiti.

Ƙararrawar nan… lokacin kenan. Suna tura ka a gado, ni ina zaɓar ɗaya ko biyu.

Akwai saƙon murya. Batirin ya yi ja.

"Uwar jirgi, direba ne. Kar ki tashi hankalinki, na gane, agogon ne. Ina kwance nan na tuna ban tura miki shi ba. Sa farce ki ja ɗan kan nan na gefe, a hankali, kar ki fizge shi yadda kike yi wa komai. Awa ɗaya gaba. Na yi wa kaina sanarwar, ban iya ba, ma'aikaciyar jinya har dariya ta yi. To, ga su nan sun zo. Lorraine, kogin —"

Ta mutu. Wayar, wayar nake nufi.

Kogin me? Kogin me, Wendell?

Kwalin yana gefena a kan dakali, da sauran ɗuminsa. Na sa farce. Ɗan kan ya ƙi fitowa… a hankali, ka ce. Ina yi a hankali. In na tura shi, awar nan ta tafi kenan, ba ni da ita. In na bar shi kuma, a hannuna kana nan kwance a gadonka, waya a ƙirji, kana jira in kira.

Bari in ɗan bar shi tukuna.