Sharar Lokacin Sanyi

Da zarar an gama cirar gyaɗa an kai auduga injin gurza, aiki ya mutu a gonar Faircloth da ke jihar Alabama sai bazara. Ma'aikata kowa ya kama gabansa, wasu su gangara Florida tsinkar lemo, wasu su koma garuruwansu. Mutum ɗaya ne ba ya motsawa, Anselmo Barrientos. Tsoho Harlan Faircloth, mai gonar, yakan miƙa masa tsintsiya ya ce ya share babban rumbu. Anselmo ya share. Gobe ya sake sharewa. Rumbun da ko ɓera ba zai sami abin kalaci a cikinsa ba, haka za a yi ta share shi har sanyi ya wuce, sunan Anselmo kuwa yana nan daram cikin masu albashi.

Loretta, 'yar Harlan tilo, ta tashi tana kallon wannan abu tana dariya.

"Baba, wai asibiti za ka mai da rumbun nan?"

"Ina son rumbuna da tsabta. Ke ina ruwanki?"

Harlan mutum ne da ya ɗauki bayani a matsayin ɓata yawu. Da wannan hali ya rayu, da shi ya mutu, zuciyarsa ta tsaya yana bisa tarakta ana tsakiyar girbi. Loretta ta ajiye aikinta na kamfanin inshora a Montgomery, ta dawo ta karɓi gona.

Kada wani ya ce muguwa ce. Loretta tana son Anselmo son da ake yi wa uba. Shi ya koya mata tuƙin tarakta tun ƙafarta ba ta kai birki ba. Matarsa Hortensia ce ta riƙa yi mata kitso bayan rasuwar mahaifiyarta, tana cusa mata wainar masara mai zafi a ɗan gidansu da ke bayan gona. Yanzu ga shi ya tsufa, gwiwarsa ta kumbura, tafiya ma sai yana cije leɓe. Ganinsa da tsintsiya cikin sanyin Disamba ya tsaya mata a rai. Dattijuwar da ke riƙe da ofis tun zamanin Harlan, mai suna Wanda Sizemore, ta tafi Texas jinyar 'yarta, don haka Loretta ta zauna gaban kwamfuta ta yi da hannunta abin da ta ga ya dace. Washegari ta kira Anselmo baranda, ta tura masa kwanon dafaffiyar gyaɗa.

"Baba Selmo, bana babu shara. Na cire sunanka daga aiki. Ka je ka miƙe ƙafa, gida naka ne, cefane a wuyana. Bazara na zuwa in sake ɗaukar ka."

Ya tsaya da ɓawon gyaɗa a hannu.

"Kin cire?"

"Tun jiya."

"'Yata, ki mayar. Ko awa ɗaya a rana ki bar mini. Ni sharar ba ta damuna."

"To ni tana damuna. Kai da Baba duk taurin kai ɗaya ne."

"Ki mayar dai, don Allah."

Ta yi dariya, ta dafa kafaɗarsa, ta ce Hortensia za ta gode mata. Ya ajiye ɓawon gyaɗar. Ya sa hularsa ya sauka daga baranda yana ɗingishi. Ita kuwa ta kwana da farin ciki, tana ganin ta yi abin kirki.

Anti Wanda ta dawo cikin Afrilu, ana shirin shuka. Ba ta gama ajiye jakarta ba ta leƙa kwamfuta, sai Loretta ta ga ta cire tabarau ta zauna a hankali.

"Wa ya sallami Selmo?"

"Ba sallama ba ce, Anti Wanda, hutu ne. Ai yau ma ya dawo, yana can yana gyaran injin shuka. Ki sa shi cikin sababbin ɗauka."

"Cikin sababbin ɗauka." Wanda ta maimaita tana kallonta. "Ke da kika yi aiki a birni, ba ki san me ake yi wa sabon ɗauka a jihar nan ba?"

Ta sani mana. Kowa a Alabama ya sani. Duk wanda ka ɗauka aiki, dole ka shigar da sunansa da lambarsa cikin na'urar gwamnati, ta duba ko yana da izinin aiki a ƙasar. Abin da Loretta ba ta taɓa tsayawa ta yi tunaninsa ba shi ne ɗaya gefen dokar: tsohon ma'aikaci ba a duba shi, an ma hana. Duk mutumin da yake cikin aiki tun kafin dokar ta zo, yana nan abinsa muddin aikinsa bai yanke ba. Anselmo, baƙo daga wata ƙasa, ya zo gonar tun kafin dokar.

"Shi ya sa Baba..."

"Ni ban san me ya sa babanki komai ba," in ji Wanda da sauri. "Kada ki sa mini magana a baki. Tsabta yake so."

"To mu goge sallamar. Mu ce kuskure ne."

"Mu goge ina? Ai ta riga ta shiga takardun da kika aika wa jiha. Ni da tsufana ba zan je gidan yari in koyi saƙa ba."

"In biya shi hannu da hannu fa?"

"Ran da aka kama ki a karɓe lasisin gona, sai ki je ki yi wa sauran ma'aikata bayani, su da 'ya'yansu."

Loretta ta zauna. Ta shigar da sunan, ta shigar da lambar da ke cikin tsohon fayil, tana addu'ar Allah ya sa tsoron banza suke ji. Na'ura ba ta ɓata lokaci ba. Abin da ya fi ba ta haushi ke nan, mutum ya ƙarar da ƙarfinsa a gona guda, amma ko jinkirin ladabi ba a yi masa ba. Amsa ta fito: bayanan ba su dace da na gwamnati ba.

Wanda ta buga takardar sanarwa, ɗaya da Turanci, ɗaya da yarensa, ta miƙa mata.

"Saurara, kada ki ƙara kwaɓa ta. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban mutane ba. Ki ba shi ya karanta. Yana da zaɓi: ko ya ce zai je ofishin gwamnati ya gyara, ko ya ce ba zai je ba. In ya ce zai je, ba ki da ikon korar sa ko rage masa aiki sai an gama bincike. Kuma kada ki tambaye shi abin da ba ki son jin amsarsa."

Ta same shi cikin rumbu, ya durƙusa kan lafiyayyar gwiwarsa yana shafa wa inji mai. Da ya ga takarda a hannunta, ya goge hannu a wando, ya jawo bokiti ya kifa mata ta zauna. Ya karanta sannu a hankali, ya ninke.

"Baba Selmo, ka ce za ka je. Mutane da yawa kuskure ne kawai, harafi ɗaya, ko ranar haihuwa. Ni zan kai ka da motata."

"In shiga ofishinsu da ƙafata?"

"Ko ba ka shiga ba, ka ce za ka je. Mu sami 'yan kwanaki."

"Mu yi me da su, 'yata?"

Ta ji hawaye sun cika mata ido, ta ji haushin kanta, ta ji haushin ubanta da ya tafi da bakinsa a rufe, sai haushin ya zube kan wanda ke gabanta.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ran nan a baranda, kalma ɗaya ta isa."

"Da na gaya miki, kin sani ke nan. Mai gonar da ya sani, doka ba ta bar masa zaɓi ba, a ranar za ki sallame ni." Ya ɗan yi murmushi. "Babanki bai taɓa sani ba. Mutumin nan ya iya rashin sani, Allah ya ji ƙansa."

"Ina za ku je?"

"Hortensia tana da ƙani a wata jiha. An ce can ba su matsa wa ƙananan gonaki ba."

"Wa zai ɗauke ka da wannan gwiwar?"

"Ban sani ba. Ara mini biro."

Ta miƙa masa. Ya ɗora takardar a kan tayar inji, ya yi alama a gurbin da ke cewa ba zai je ba, ya sa hannu. Ya gaya mata belin injin na hagu ya kusa tsinkewa, kada ta bari yara su ja shi da ƙarfi. Ya ce ta gaishe da Wanda.

Ta koma ofis ta rufe maganar a na'ura kamar yadda doka ta ce. Komai ta yi shi daidai, Wanda ma ta shaida.

Ran Lahadi da ta dawo daga coci, ɗan gidan bayan gona a buɗe yake, babu labule, babu tukwanen furen Hortensia. Makulli na rataye a ƙusa. Ta wuce rumbu don ta rasa inda za ta sa kanta. An share shi tas tun daga ƙofa har ƙurya, tsintsiyar kuma tana jingine a inda Harlan ya saba ajiye ta.